Cibiyar Da'irar da Ta Kewaye Alwatika: Nemo Ta ta Hanyar Aljabara

Kowace alwatika tana da da'ira guda ɗaya tak wadda ke ratsa ƙusoshinta uku. Cibiyar wannan da'ira ita ce abin da muke son nemowa a nan, watau wurin da nisansa daga kowace ƙusurwa daidai yake. Uƙlidis ya warware mas'alar a maƙala ta huɗu ta littafinsa, a bayani na biyar, ta hanyar zane kawai: a raba gefe biyu a tsakiya, a tsai da layi a kan kowanne, inda suka haɗu nan ce cibiya. Amma zane sai da hannu mai kyau, kuma kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya kawo kuskure.

Hanyar da René Descartes ya buɗe a shekarar 1637 ta fi wannan tabbas. A cikinta kowane ɗigo yana da lambobi biyu, x na kwance da y na tsaye, sa'an nan a mai da zane ya koma lissafi.

Bari mu ɗauki alwatika mai ƙusoshi A(2, 0), B(9, 1) da C(1, 7), mu kira cibiyar P(x, y). Bisa ƙa'idar Fisagoras, nisan PA in an ninka shi da kansa shi ne (x − 2)² + y². Tun da PA daidai yake da PB:

(x − 2)² + y² = (x − 9)² + (y − 1)²

A nan daɗin hanyar yake, domin x² da y² suna ɓangarorin biyu, sai su kashe juna. Abin da ya rage shi ne 7x + y = 39. Wannan kuwa ba wani abu ba ne illa layin nan da Uƙlidis ke tsayarwa a tsakiyar AB, sai dai ya zo cikin rigar aljabara. Haka nan PA da PC za su ba mu 7y − x = 23. In aka sa y = 39 − 7x cikin ta biyu, sai a sami 50x = 250. Ke nan x = 5, y = 4. A gwada: daga (5, 4) zuwa kowace ƙusurwa nisan 5 ne.

Mai lura zai ga (5, 4) ita ce tsakiyar BC sosai. Ba dace ba ne; ƙusurwar A digiri 90 ce, kuma duk alwatika irin wannan cibiyarta a tsakiyar gefe mafi tsawo take. In dukkan ƙusoshin ba su kai 90 ba, cibiyar na ciki; in ɗaya ta zarce, sai ta faɗa waje. Wannan ya kamata malamai su nanata, domin kalmar “cibiya” kan sa ɗalibi ya zaci dole a ciki take. Rijiyar da aka haƙa daidai wa daida tsakanin ƙauyuka uku tana iya kasancewa can gefe, nesa da su duka. In kuwa ɗigogin uku a kan layi ɗaya suke, layukan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, lissafin kuma ba zai ba da amsa ba.