Idan Makullin Tsohuwar Fijo Ya Ƙi Juyawa

Da asuba direba ya shiga motarsa, ya yi bisimilla, ya zura makulli, ya murɗa. Makullin ya cije. Ya zaro shi, ya goge a gefen riga, ya mayar, ya jijjiga sitiyari hagu da dama, sai a karo na biyar injin ya amsa. Duk wanda ya riƙe tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ya san irin wannan safiya. Ya kuma san cewa ranar da makullin zai ƙi juyawa gaba ɗaya tana nan tafe, kuma sau da yawa a tsakiyar tafiya take riskar mutum.

Motar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1968 aka fito da ita a Faransa, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, alhali Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ma ta kai wajen shekara ashirin tana aiki. Inji yana samun kulawa, ana sauya masa mai da filogi, amma gidan makulli sai ya ƙi aiki ake tunawa da shi.

Abin da ake kira gidan makulli, a gaskiya abubuwa uku ne a haɗe. Na farko shi ne bututun da makulli ke shiga. A cikinsa akwai 'yan siraran faranti na tagulla a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje ya tokare bututun. Idan makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa sukan ja kowane faranti zuwa daidai wurinsa, sai bututun ya samu damar juyawa. Na biyu shi ne swici na wuta da ke bayansa, wanda ke raba wutar batir zuwa rediyo, kwayil da kik. Na uku kuma sakata ce ta ƙarfe da ke faɗawa cikin sandar sitiyari ta kulle shi da zarar an zare makulli. Abram Neiman ne ya ƙirƙiro wannan dabara ta hana sata a farkon shekarun 1930, kuma sunansa ya bi kayan, har yau a Faransa Neiman ake ce wa gidan makullin mota. Haruffan S, A, M da D da ke zane a bakinsa a motocin Peugeot da yawa, farkon kalmomin Faransanci ne masu nufin tsayawa, ƙananan kayan wuta, tafiya da tayarwa.

Tunda abubuwa uku ne, ciwon ma iri-iri ne, kuma bakanike na ƙwarai yakan fara da tantance wanne ne kafin ya ɗauki sukudireba. Idan makulli ya cije bayan an ajiye mota taya na tokare da dutse ko gefen kwalbati, sakata ce ta matse, kuma jijjiga sitiyari kaɗan ya wadatar. Idan makullin ajiya yana juyawa lafiya amma na kullum yana gardama, to makullin ne ya cinye, sai a yanko sabo daga wanda bai sha aiki ba, domin kwafin cinyayyen makulli cinyayye ne shi ma. Idan makulli yana juyawa sumul amma fitilun dashbod ba sa kamawa, ko kik ya yi shiru, ko mota ta mutu idan an taɓa makulli a kan hanya, zargi ya koma kan swici da wayoyinsa. Bututun kansa kuwa yakan tona asirinsa ta hanya biyu: makulli ya riƙa fita alhali inji na aiki, ko kuma makullin wata motar ya tayar da ita.

Ƙurar hunturu tana da hannu a wannan lalacewa, haka ma bakin mai da wasu ke ɗigawa a ramin makulli. Mai yana kama ƙura, su zama laka, faranti su manne. Garin bakin fensir da aka goga a jikin makulli ya fi dacewa, domin busasshe ne.

Sai kuma nauyi. Direbobi da yawa suna rataya makullin gida, na shago da na akwati a zobe ɗaya da na mota, tarin ƙarfen yana lilo a kowane rami, yana cin bututun. Lamarin ya wuce cinyewar ƙarfe. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci wajen miliyan 2.6 saboda swicin da ke zamewa daga matsayin tafiya idan zoben makulli ya yi nauyi ko mota ta yi tsalle, inji ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. An danganta mutuwar mutum 124 da wannan aibi, kuma shawarar farko da kamfanin ya ba masu motocin ita ce su cire komai daga zoben, su bar makullin mota shi kaɗai.

Idan ta tabbata bututun ne ya mutu, sauya shi a tsohuwar mota aiki ne da ba ya cin yini. Ana fara cire kan batir na nagatif, domin wayar da ke shiga swici tana ɗauke da wuta ko da mota a kashe take, kuma idan ta taɓa bodi tana iya ƙona wayarin. Daga nan a kwance murfin roba da ke rufe sandar sitiyari. Kafin a zare ko waya ɗaya, a ɗauki hotonsu da wayar hannu ko a manna wa kowacce alama. A irin na Peugeot, ɗan sukuru ne da wani ɗan maɓalli mai sifirin ke riƙe da bututun. A kwance sukurun, a murɗa makulli zuwa matsayin da sakata ke janyewa ciki, a danna maɓallin da siririn ƙarfe, sai a jawo shi waje. Shi ya sa ya fi kyau a yi aikin tun tsohon makulli yana ɗan juyawa. Idan ya riga ya ƙafe, sai an huda bututun da injin huji, kuma a motocin da aka ɗaure gidan makullin da kusoshi masu karyewar kai, sai an bi su a hankali da kurfi da guduma.

Wajen sayen sabo, a tafi da tsohon a hannu. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun sabo da na hannu, amma kama da wane ba ta wane, don haka a gwada tsayin sakata, a ƙirga wayoyi, a dubi soket. Sabon bututu yakan zo da nasa makulli, ke nan na ƙofa da na but sun zama daban, sai dai in mai gyaran makulli ya sake jera faranti su dace da tsohon. Tsohuwar mota tana da sauƙi ɗaya a nan: makullinta ƙarfe ne zalla, babu ƙwayar lantarki irin wadda aka fara sa wa motoci a shekarun 1990, wadda sai an haɗa ta da kwamfutar mota.

Akwai gajeriyar hanya da ta zama ruwan dare a gareji: a yanke wayoyi, a sa swici na fitila da maɓallin tayarwa a ƙarƙashin dashbod. Mota za ta tashi, amma ga kowa za ta tashi, har da ɓarawo. Idan aka manta swicin a kunne, kwayil ya yi zafi, batir ya sauka. Mafi muni, sakatar sitiyari tana nan a wurinta, kuma idan bututun da ke riƙe ta ya cinye, tana iya faɗawa mota na cikin gudu.

Saboda haka bayan an ɗaura sabo, bakanike mai hankali ba ya mayar da murfi nan take. Yakan mayar da kan batir, ya bi matsayin makulli ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar makulli na dawowa da kansa daga matsayin tayarwa idan an sake shi, kuma ba ya zaruwa inji na aiki. Sannan ya kashe, ya zare makulli, ya juya sitiyari har ya ji ƙarar faɗawar sakata, ya mayar da makulli ya ga ta saki. Sai ya miƙa wa mai mota makullai biyu, ya ce ɗaya na aljihu, ɗaya kuma a kai shi gida a adana tun bai fara cinyewa ba.