"Kyanwar Nan Ba Kyanwa Ba Ce": Camfi da Abin da Yake Janyowa

A daminar bara ne wani maƙwabcina, ma'aikacin banki mai digiri biyu, wanda da wuya sahun farko ya wuce shi a sallar asuba, ya sa maigadinsa ya kama wata baƙar kyanwa da ke kwana a kan katangarsa, aka ɗura ta a buhu, aka hau babur da ita zuwa bayan gari aka yar. Laifinta kuwa shi ne ta yi dare uku a jere tana kuka a bayan tagar ɗakin yara, a rana ta huɗu sai ƙaramar 'yarsa ta kwanta da zazzaɓi mai zafi har da shiɗewa. Da aka kai yarinyar asibiti aka auna jininta, sai aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda ke kwantar da yara a kowace damina. Amma da na je yi masa sannu, ko da wasa bai ambaci kwatar da ta cika ta tumbatsa a ƙofar gidansa ba. Magana ɗaya yake ta nanatawa: "Malam, ai kyanwar nan ba kyanwa ba ce."

A matsayina na ɗalibin harshe, wannan jimla ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya. A zahiri jimla ce da ke ƙaryata kanta, amma duk Bahaushen da ya ji ta ya san abin da ake nufi ba tare da an yi masa fashin baƙi ba: ko dai aljani ne ya zo a siffar kyanwa, ko kuma wani mutum ne, maye, ya rikiɗa. Fassara ta farko ba ta cutar da kowa sai dabbar. Ta biyun ita ce mai haɗari, domin da zarar an ce mutum ne, to dole a nemo wane ne mutumin.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabba, yawan sunayen da ya ba ta ma shaida ne. Wasu su ce kyanwa, wasu mage, a yammacin ƙasar Hausa a ce mussa, namijin kuma muzuru. Da "kule" ake korar ta, shi ya sa wasu ke kiran ta kuliya. Kalmar mussa tana da 'yan'uwa a nesa, domin Wolofawan Senegal "muus" suke cewa, a Arewacin Afirka ma akwai masu kiran ta da suna mai kama da wannan, kuma ni a ganina duk daga sautin da ake kiran ta da shi suka tsiro. Idan muka leƙa maganganun azanci, kyanwar da za mu gani a can ba abar tsoro ba ce. Ana ce wa mutum kyanwar Lami idan ba ya cizo ba ya yakushi. Ana yi wa mai haƙuri da iya ɗana tarko kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Mai garai-garan idanu a ce yana da idon mage. Duk waɗannan sun fito ne daga lura ta ƙwarai da halin dabbar. Wato kyanwar rana Bahaushe ya san ta ciki da bai, har yana yi mata dariya. Sai almuru ta yi ne take tashi daga dabba ta koma alama.

Bari in ɗan ratse a nan. Sau da yawa mukan ga jaridunmu na kiran ɗan siyasar da ya sha faɗuwa yana tashi da "mage mai rai tara", har wasu na zaton tsohuwar maganar kakanni ce. Ni dai ina ganin aro ne daga Turancin Ingilishi, wanda ya shigo ta makaranta da jarida. Misirawa rai bakwai suke ba ta, haka ma mutanen Sifaniya da Italiya. Ashe camfi ma ana aron sa kamar yadda ake aron kalma, kuma yakan zauna daram har a manta baƙo ne.

Abubuwan da ke sa kyanwar dare ta zama abar tsoro kuwa duk suna da bayani. Idonta yana ƙyalli a duhu ne saboda wani shimfiɗi da ke bayan ƙwayar idon, mai mayar da haske kamar madubi, wanda ke taimaka mata gani a ƙarancin haske. Kare da akuya da saniya duk suna da irinsa, amma ban taɓa jin an ce akuya aljana ce saboda haka ba. Kukan nan mai kama da na jariri, wanda ke tayar da tsikar jiki, kukan neman barbara ne ko na faɗan muzurai a kan mace, kuma yakan ɗauki kwanaki a jere, kamar dai dare ukun maƙwabcina. Tafiyarta ba sauti saboda tana ɓoye faratanta a cikin tattausan dagi. Faɗowa da take yi a kan ƙafafunta kuwa, tun a 1894 wani masanin Faransa, Etienne-Jules Marey, ya ɗauki jerin hotunan kyanwa tana faɗowa, ya nuna yadda take murɗa gaban jikinta sannan bayansa kafin ta kai ƙasa. Baƙar kyanwa ba ta da wani abu fiye da fara, illa dai ita a duhu idanunta kawai ake gani.

A 1913 wani jami'in mulkin mallaka, A.J.N. Tremearne, ya wallafa littafi guda a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa. Da ya waiwaya gida da ya samu abin cika littattafai. A 1233 Fafaroma Gregori na Tara ya fitar da wata wasiƙa game da wasu da ake zargi da bautar Shaiɗan a Jamus, inda aka bayyana cewa baƙar kyanwa na cikin abin da suke girmamawa a taronsu. A 1566 a garin Chelmsford na Ingila aka rataye wata mata bisa zargin maita, babban abin da aka kafa hujja da shi kuwa wata kyanwa ce da aka ce ita ke yi mata aike. Abin lura, kyanwar ba baƙa ba ce, mai ɗigon fari ce. A garin Ypres na Beljiyam an riƙa jefo kyanwoyi masu rai daga saman hasumiya a wani biki, ba a daina ba sai a 1817, yanzu kuma na tsumma ake jefowa don nishaɗi. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa wai kisan kyanwoyi ne ya jawo wa Turai annobar da ta cinye ta a ƙarni na 14. Labari ne mai daɗin faɗa, amma masana tarihi ba su samu hujjar irin wannan kisan ƙare-dangi ba, saboda haka kada mu yaƙi camfi da wani camfin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin Turai shi ne wani labari da na fara ji tun ina yaro a unguwarmu, kafin in san akwai wata ƙasa wai ita Ingila. An ce samari sun jefi wata kyanwa da dare suka karya mata ƙafa, da gari ya waye sai ga wance, tsohuwa mai sayar da daddawa, tana ɗingishi. Kowa ya san ta shekara da shekaru tana fama da ciwon gwiwa, amma ranar babu wanda ya tuna. Daga nan kasuwar daddawarta ta mutu, yara suka riƙa gudu idan sun hango ta, daga ƙarshe ta tattara komatsanta ta koma ƙauye wurin 'yarta. To, wannan labari, kusan kalma da kalma, wani marubucin Ingila mai suna Gervase na Tilbury ya kawo shi a farkon ƙarni na 13: mata a siffar kyanwa, a raunata su da dare, da safe a ga raunin a jikinsu. Haka kuma ya sake bayyana a littafin nan na farautar mayu da aka buga a Jamus a ƙarshen ƙarni na 15. Labari ɗaya, ƙasashe daban, zamani daban, kuma a koyaushe yatsa yana ƙarewa ne a kan mace, galibi tsohuwa, galibi wadda ba ta da mai tsaya mata. Ban taɓa jin an ce attajiri ko basarake ya rikiɗa ya zama muzuru ba.

Sannan alamar ita kanta ba ta da tsayayyar ma'ana. A Amurka idan baƙar kyanwa ta gitta gabanka rashin sa'a ne, a sassa da yawa na Birtaniya kuwa sa'a ce, har matan masunta kan ajiye ta a gida don mazansu su dawo daga teku lafiya. A Japan mutum-mutumin kyanwa mai ɗaga hannu ake ajiyewa a ƙofar shago don kiran ciniki. Mutanen tsohuwar Masar su kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, suka alaƙanta ta da abar bautarsu Bastet, har marubucin Girka Herodotus ya ruwaito cewa idan kyanwa ta mutu a gida mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. A 1888 aka tono wata maƙabartar kyanwoyi da aka shafe da magani aka naɗe a Beni Hasan, a 1890 kuma aka kai kimanin 180,000 daga cikinsu Liverpool aka yi gwanjonsu a matsayin takin gona. Abin bautar wani, takin wani. Dabba ɗaya ba za ta zama mugun nufi a wannan gaɓar teku, ta zama alheri a waccan ba, sai dai idan ma'anar a kan mai kallo take, ba a jikin dabbar ba.

Mu da muke Musulmi, al'amarin ya fi sauƙi, domin addini bai bar mu a duhu ba. Larabawan jahiliyya idan za su yi tafiya sukan tayar da tsuntsu, in ya yi dama su tafi, in ya yi hagu su fasa. Daga kalmar tsuntsu a Larabci aka samu sunan wannan ɗabi'a, wato ɗiyara, kuma kalmar shu'umci da muka aro tana da alaƙa da ɓangaren hagu, kamar yadda kalmarsu ta albarka take da alaƙa da dama. Manzon Allah (SAW) ya kore ɗiyara, a wata ruwayar ma ya kira ta shirka. Game da kyanwa kuwa, a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda da ita malamanmu suka tashi, an ruwaito yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, da matar ɗansa ta yi mamaki ya sanar da ita cewa Annabi ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma laƙabinsa Abu Huraira, wato mai 'yar kyanwa. Ban musanta samuwar aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Abin da nake tambaya shi ne, da wane ilimi maƙwabcina ya gane cewa wannan kyanwa ta kan katangarsa tana cikinsu, har ya ɗaure ta a buhu?

Doka ma ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sanya zargin mutum da maita a cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Amma mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ga an gurfanar da wani a kan haka. A Ghana sai da aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta a bainar jama'a a Kafaba a 2020, sannan majalisar ƙasar ta zartar da ƙudurin haramta irin wannan zargi a 2023.

Ba ina cewa kyanwa ba ta da illa ba ne. Akwai masu ciwon asma da zama kusa da ita ke tayar musu da ciwo. Kashinta na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai haɗari ga ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu ta bar wa wani kwashe shi. Cizonta ko yakushinta na iya sa cutar haukan kare, don haka a wanke wurin sosai da ruwa da sabulu a garzaya asibiti. Waɗannan su ne abin tsoro na gaskiya, kuma babu ruwansu da launin gashi. A ɗaya hannun, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake zubawa a abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa a gida a cikin hanyoyin rage ɓeraye, tare da rufe hatsi da tsaftar muhalli. Kakanninmu da ke barin mage a gindin rumbu sun san abin da suke yi.

Abin da ban faɗa ba tun farko game da maƙwabcina shi ne, maganar ba ta tsaya a kan buhu ba. Akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu, da ke zuwa gidan wanke-wanke da shara. Uwargida ta tuna cewa a ranar da yarinya ta kwanta, Baba ta shafa kanta ta ce ta yi girma. Ba wanda ya furta kalmar maita a gabanta; an dai ba ta kuɗin watanta, aka ce ta huta tukuna, za a neme ta. Na yi wa maigidan magana sau biyu, ya ce shi ma ya san babu hujja, amma hankalin iyali ya fi kwanciya haka. Bayan mako biyu kyanwar ta dawo kan katangarta, ta rame, kamar yadda kyanwoyi kan gano hanyar gida. Yarinya ta warke sarai, tana zuwa makaranta. Kwatar tana nan yadda take. Dattijuwar kuwa, wadda naira dubu goma sha biyar ɗin nan ce cefanenta da na jikokinta biyu, har yau ba a neme ta ba.