Furen Teku: Dabbar Da Ta Zama Dutse

Duk wanda ya ga wannan halitta kwance cikin dutse zai rantse fure ne. Ga kara, ga saiwa, ga kai mai rassa kamar gashin tsuntsu. Amma fa dabba ce, 'yar uwar tauraron teku. Masana suna kiranta kirinoyid, sunan da wani masani, J. S. Miller, ya raɗa wa danginta cikin 1821. Takan kafe a ƙasan teku, ta baza hannuwa tana tace ƙananan abincin da ruwa ya kwaso.

Kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, teku marar zurfi ne ya rufe tsakiyar ƙasar Amurka, kuma waɗannan dabbobi sun cika shi tamkar gonar dawa. Gutsattsarinsu ne suka taru suka daskare, har suka zama dutsen farar ƙasa, watau irin wanda ake toyawa a yi siminti.

To, in haka suke da yawa, me ya sa samun cikakkiya yake da wuya? Dalili kuwa shi ne jikinta ƙananan ƙasusuwa ne masu ɗimbin yawa, nama ne kaɗai ya riƙe su. Da ta mutu, cikin 'yan kwanaki sai ta watse kamar tasbahar da zarenta ya tsinke. Ba ta tsira cikakkiya sai in laka ta binne ta nan take. Shi ya sa galibi ƙwayoyin karan kawai ake tsinta, masu huda a tsakiya. A tsibirin Lindisfarne na Ingila, mutanen da suna zura musu zare su yi tasbaha.

Wata rana nakiyar masu fasa dutse a garin Le Grand na Jihar Iowa ta buɗe wani wuri inda furannin suke jibge, ba abin da ya ɓace daga jikinsu. Wani manomi maƙwabcin wurin, Burnice Beane, shi ya ceto manyan falalen dutsen kafin a niƙa su. Ya yi shekara da shekaru yana kankare su da allura, sannu sannu. Wasu daga cikinsu sun shiga gidan tarihin jihar a birnin Des Moines.

Abin lura a nan shi ne, mahaƙar da ke tono irin wannan dukiya ita ce kuma ke hallaka ta. Mu ma nan gida, dutsen Kalambaina na Sakkwato tsohon gindin teku ne, kuma akwai ragowar halittun ruwa a cikinsa. Abin da injin niƙa ya haɗiye ya tafi ke nan. Saboda haka ya kamata ma'aikacin da ya ga baƙon zane jikin dutse ya ajiye shi gefe, ya kai wa masana.