Horar da Ma'aikatan Lafiya Daga Nesa

A farkon shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta ɓulla, ma'aikatan lafiya na duniya sun fuskanci ƙwayar cutar da ba su taɓa sani ba. Tara su a zaure guda domin horo kuwa haɗari ne, tun da yake ta hanyar numfashi ake ɗaukarta.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara ga OpenWHO, wato makarantar intanet da ta buɗe a 2017. Tun a watan Janairun 2020 aka sanya darasin farko a kan cutar, kyauta. Ma'aikaci zai karanta shi a wayarsa, ya amsa tambayoyi, ba tare da ya bar bakin aikinsa ba. Zuwa 2022 an fassara darussan cikin harsuna fiye da 60, rajista kuma ta haura miliyan 6.

Sai dai ɗalibi ya lura: waya tana iya nuna yadda ake cire safar hannu ba tare da an taɓa bayanta ba, amma hannu ba ya ƙwarewa sai ya maimaita a gaban gwani. Don haka asibiti ne ke kammala abin da intanet ta fara.