Sana'ar da ke Tsallake Bazara: Yadda Mai Aikin Kansa ke Daɗewa a Sanam da Ƙasar Kurfai

Da an gama girbin hatsi a watan Oktoba, kasuwannin ƙasar Kurfai sai su farfaɗo. Manomi ya sayar da wake, makiyayi ya kai rago kasuwa, ɗaurin aure ya yawaita. Tela ba ya ɗaga kai daga kan keke, magini na cigiyar masu miƙo masa tubali, mai gyaran waya a tsaye yake cin abinci. Amma in an koma a tsakiyar bazara, za a tarar da yawancin rumfunan nan a rufe. Wani ya tafi ci-rani, wani ya sayar da kayan aikinsa ya auno hatsi.

Sanam ƙaramar hukuma ce ta karkara a arewa maso gabashin Filinge, cikin jihar Tilaberi. Tana ƙarƙashin gundumar Filinge har zuwa 2011, lokacin da aka yanke gundumar Abala, ta koma ƙarƙashinta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 68,000 a cikinta. Masu albashi kuwa 'yan ƙalilan ne: malaman makaranta, ma'aikatan likita da na ofishin magajin gari, sai jami'an tsaro. Sauran jama'a kowa kansa yake wa aiki. Ruwa kuma sau ɗaya yake sauka a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, don haka aljihun abokin ciniki sau ɗaya yake cika. Mai sana'a a nan gwaninta kaɗai ba ta riƙe shi. Dole ya san yadda cinikin wata huɗu zai ɗauki nauyin wata goma sha biyu.

Uwar kuɗi daban, cefane daban

Abin da ya fi karya masu sana'a shi ne cin uwar kuɗi. Ba da gangan ake yi ba. Kuɗin zare da na cefane da na gudummawar biki duk a aljihu ɗaya suke, a hankali jari ya narke ba a sani ba. Manomin Kurfai komai tsananin yunwa ba ya dafa irin shuka, haka ya kamata mai sana'a ya ɗauki jarinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Telan da ya ware dala ɗari, wato sefa 500, kowace rana daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, zai tara jikka 60. Da wannan zai gyara keke, ya sayi yadi tun kafin ya yi tsada gab da Sallah, ya kuma tsallake watannin da ba a kawo ɗinki.

Matan Nijar sun riga kowa gano inda za a ajiye irin wannan kuɗi a garin da babu banki. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da aka sani tun da. Mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, su ranta wa juna, ƙarshen zagaye su raba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ƙarfinsa shi ne kuɗin ya bar gidan mai shi, ba ya hannu a ranar da ɗan'uwa ya yi sallama da buƙata.

Dabba ma ajiya ce. Ragon da aka turke watanni kafin Layya yakan dawo da riba, kasuwar Balleyara kuma tana kwasar dabbobin yankin zuwa Yamai kowace Lahadi. Sai dai shekarun 2005 da 2010 sun nuna iyakar wannan dabara: ciyawa ta ƙare, kuɗin dabba ya faɗi warwas daidai lokacin da hatsi ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya raba ajiyarsa tsakanin dabba da hatsi da tsabar kuɗi shi ya fi samun sauƙi.

“Malam, ka yi haƙuri sai kaka”

Duk mai sana'a a karkara ya san wannan magana. Hana bashi gaba ɗaya ba zai yiwu ba a garin da mai saye kawu ne ko suruki ko maƙwabci. Abin da masu daɗewa suke yi shi ne su sa masa iyaka. Sukan karɓi kuɗin kayan aiki tun farko, su bar ladan hannu ya zama bashi. Magini ya ce a sayo siminti da kwano, mai walda ya ce a biya kuɗin ƙarfe. In biya ya yi jinkiri, gumi ne ya tafi, jari yana nan. Ga dattijo kuwa akan sassauta harshe: “Baba, kuɗin kayan na mai shago ne, na aikina kuwa duk ranar da Allah ya hore.” Sannan a rubuta, da boko ko da ajami, a gaban mai karɓa. Littafin bashi yana kare zumunci, domin gardama kan abin da aka manta ta fi bashin kansa ɓata tsakani.

Ƙofa ɗaya ba ta isa ba

A 2017 aka sa yankin Abala cikin dokar ta-ɓaci saboda rashin tsaro. A watan Janairun 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassan jihar Tilaberi, dare ɗaya 'yan kabu-kabu da masu gyaran babur da masu sayar da mai a kwalba suka wayi gari ba aiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakoki har zuwa Fabrairun 2024, kayan gyara da ke shigowa daga Najeriya da Kwatano suka yi wuyar samu. Makanikin da ya iya injin niƙa da injin ban-ruwa ya sami abin kamawa. Wanda babur kaɗai ya sani ya zauna.

Faɗaɗa sana'a ba tsalle ne zuwa abin da mutum bai sani ba. Mai cajin waya da sola yana iya koyon haɗa sola a gidaje. Mai sayar da nono tana iya yin cuku, kamar yadda matan garin Tukunus suka shahara da shi a kusa da tashar kiwon shanun Azawak da aka kafa a garin a 1954. Madarar da za ta lalace a yini, in ta zama cuku sai ta yi watanni, ta kai kasuwar Yamai.

Akwai kuma abokan cinikin da aljihunsu bai dogara da daminar Kurfai ba: 'yan ci-rani a Kwatano da Lome da Abijan da Legas. Ɗan ci-rani yakan turo hoton ɗinki ta WhatsApp, ya aiko kuɗin kayan Sallar iyalinsa ko na ginin ɗaki ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana ko Al Izza. Abin da yake nema ɗaya ne, amana. Maginin da ke tura masa hoton inda gini ya kai da lissafin kowane buhun siminti zai sami aikin abokansa ma.

Yara da takardu

Masanin nan Bafaranshe Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa dukiyarsu ta ginu ne kan arzikin mutane. Ubangida ya ɗauki yaro, ya jarraba shi da kaya kaɗan, ya yi masa aure, daga baya ya ba shi jari, su ci gaba da hulɗa. Haka abin yake ko a ƙaramar rumfa. Telan da ya koyar da yaro da gaske yana iya kwanciya jinya ko ya tafi gona ba tare da an rufe shago ba. Wanda ke ɓoye wa almajirinsa yankan yadi kuwa, ranar da idonsa ya raunana sana'ar ta tsaya.

Takardu su ne mataki na gaba. Tun 2010 dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a yin rajista, a Yamai kuma hukumar Maison de l'Entreprise ta tattara hidimar a wuri ɗaya. Mai lambar haraji ta NIF shi ke iya neman kwangilar kujerun makaranta ko ginin aji daga ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a.

Daga Sanam zuwa Yamai tafiya ce mai nisa da tsada, ga hatsarin hanya. Ya kamata hukumomin Abala da Filinge su kawo rajista da horo kusa da masu sana'a, su kuma riƙa ba 'yan gari ƙananan kwangiloli. Su kuma masu sana'ar, tun daga kakar bana su sayi littafin lissafi, su shiga adashi, su ware kuɗin kayan aiki kafin su taɓa na cefane.