Abubuwan da ya kamata ka sani game da warware ƙullin siffofi a lissafin zamani

Shekara arba'in ke nan masana lissafi suna bin wata hanya da za ta ba mai sauraro mamaki. Idan suna son gina siffa mai wuyar sha'ani, sai su fara harhaɗa karyayyiyarta daga guntaye masu sauƙi, sannan su kafa hujjar cewa za a iya mayar da ita sumul. Babban makamin aikin shi ne lissafin siffofi na logaridim.

Wace irin siffa ake nufi?

Tun 1637 René Descartes na Faransa ya nuna cewa ana iya zana lissafin aljabara a takarda. Idan ka tattara duk lambobin x da y da suka cika sharaɗin x² + y² = 25, ka ɗiga su, da'ira za ta fito. Duk siffar da aka samu ta haka, a awo biyu ko uku ko goma, ita ake nufi.

Da'ira sumul take: ko'ina ka matso kusa da ita, ka ga kamar miƙaƙƙen layi. Amma wasu siffofin suna da inda suka sarƙe, ko suka yi tsini. Wannan wuri shi ne ƙulli, kuma a nan ƙa'idojin awo da aka saba da su suke cijewa.

Yaya ake warware ƙulli?

Ɗauki xy = 0. Ko dai x sifiri ne ko y, don haka siffar layi biyu ce da suka gitta juna. Kamar mararrabar hanyoyin ƙafa ce a tsakanin gonakin Dambatta ko Makoɗa: wanda ya taso daga gabas za shi arewa ba ya isa tsakiya, sai ya yanke kwana, na yamma mai zuwa kudu ma haka. In kowa ya riƙa yin haka, mararrabar ta mutu, saura lanƙwasassun hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa.

A lissafi, cire sifirin ake yi a sa wata 'yar lamba t, ya zama xy = t. Muddin t ba sifiri ba ce, siffar sumul take, tana komawa sifiri ƙullin ya dawo. Wato mai ƙullin ɗaya ce cikin dangin siffofi, sauran duk lafiyayyu.

Wannan daban yake da aikin Heisuke Hironaka na Japan, wanda a 1964 ya tabbatar cewa ana iya yanke ƙulli a dasa wani yanki a gurbinsa, ya kuma samu lambar Fields a 1970. Shi tiyata ya yi wa wurin, nan kuwa siffar duka ake motsawa.

To ina matsalar take?

Matsala biyu ce. Ta farko, akwai ƙullin da ba ya warwaruwa ko kusa, kuma Henry Pinkham ya kawo misalan haka a 1974. Ta biyu ta fi ciwo: idan awo ya ƙaru, guntayen ba a ɗigo ɗaya suke haɗuwa ba, a dogon gefe suke haɗuwa. Kowane ɗan yanki na gefen yana gyaruwa shi kaɗai, amma gyaran nan dole ya dace da na can. Sau da yawa in aka zagayo, ƙarshe ba ya haɗuwa da farko.

A 1983 Robert Friedman na Amurka ya fitar da sharaɗin da mahaɗar guntayen za ta cika, wato karkatar ɓangare ɗaya ta soke ta ɗayan. Ya nuna sharaɗin ya wadatar ga siffofin da ake kira K3. Sauran siffofi suka ci gaba da jiran hujja.

Me ya kawo logaridim ciki?

Duk wanda ya riƙe teburin logaridim a sakandare ya san aikinsa tun zamanin John Napier a 1614: yana mayar da ninkawa ta koma tarawa. Saboda haka xy = t sai ta zama log x + log y = log t. Wannan tarawa ce zalla, shimfiɗaɗɗiya, babu ƙulli a cikinta.

Cikas ɗin shi ne sifiri ba shi da logaridim, ga shi ƙullin a kan sifiri yake zaune. Jean-Marc Fontaine da Luc Illusie na Faransa suka kawo mafita, Kazuya Kato na Japan ya tsara ta a maƙalarsa ta 1989. Ana liƙa wa karyayyiyar siffar ƙarin bayani da ke riƙe da x da y da alaƙarsu da t, ko bayan ƙimarsu ta koma sifiri. Da wannan bayani siffar tana tuna dangin da ta fito, kuma in aka auna ta da ma'aunin logaridim, sai ta bi ƙa'idojin siffa sumul.

Su wa suka kai aikin gaci?

A 1994 Yujiro Kawamata da Yoshinori Namikawa suka gano cewa sharaɗin Friedman daidai yake da samuwar wancan ƙarin bayani. Dama an san cewa siffofin da ake kira Calabi-Yau masu sumul suna motsuwa ba tare da cikas ba. Sai suka nuna karyayyunsu ma haka suke, in sun cika wasu sharuɗɗa.

Mark Gross da Bernd Siebert suka ƙara gaba. A aikinsu na 2011 sun yarda ƙarin bayanin kansa ya samu lahani a wasu wurare, suka ba da hanyar lissafa gyaran mataki-mataki. Cibiyar lissafi ta Clay ta karrama su a 2016. A 2021 Simon Felten da Matej Filip da Helge Ruddat suka faɗaɗa sakamakon zuwa mahaɗu masu sarƙaƙiya fiye da na baya.

Ina amfaninsa?

Wani ra'ayin kimiyyar fiziks yana cewa duniya awo goma gare ta, shida a naɗe cikin siffar Calabi-Yau. Gwaji bai tabbatar da wannan ba, amma ya haifar da abin mamaki. A 1991 Philip Candelas da abokan aikinsa uku suka yi amfani da tagwaicin waɗannan siffofi, wato yadda suke zuwa biyu-biyu, suka ce lanƙwasassun layuka masu daraja ta uku a kan ɗaya daga cikinsu 317,206,375 ne. Masana biyu a Norway sun samu wata lamba daban, daga baya aka gano kuskuren a manhajar kwamfutarsu yake. Hanyar Gross da Siebert tana bayyana tushen tagwaicin: a karya siffa, a juya tsarin guntayenta, a warware ƙullin, sai tagwaininta ya fito.

Ɗalibin lissafi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da ke sha'awar fannin, ya fara ƙwarewa a aljabara ta zoben lambobi da lissafin siffofi. Maƙalun baya-bayan nan suna rumbun arXiv a intanet, kuma karanta su kyauta ne.