Takaddamar Birtaniya da Sin kan Zaɓen Hong Kong kafin 1997

Yankin Hong Kong ya shiga hannun Birtaniya ne daki-daki, tun daga tsibirin da aka sallama mata a 1842 har zuwa babban yankin da ta karɓa haya na shekara 99 a 1898. Da wa'adin ya ƙarato, Firayim Ministar Birtaniya, Margaret Thatcher, da takwaranta na ƙasar Sin, Zhao Ziyang, suka rattaba hannu a Disambar 1984 kan yarjejeniyar mayar da yankin baki ɗaya ranar 1 ga Yuli, 1997. Yarjejeniyar ta tanadi kafa majalisar dokoki ta hanyar zaɓe, sai dai ba ta fayyace irin zaɓen ba, kuma daga wannan giɓi ne rigima ta kunno kai.

Babbar Doka, wato kundin mulkin yankin da Sin ta zartar a 1990, ta kasa kujeru 60 na majalisar farko ta bayan miƙa mulki gida uku: 20 jama'a su zaɓa kai tsaye, 10 wani kwamitin zaɓe ya cike, 30 kuma a bar wa mazaɓun sana'o'i, waɗanda 'yan kasuwa da lauyoyi da likitoci da makamantansu ke zaɓar wakilansu a ciki. An kuma yi fatan majalisar da za a zaɓa a 1995 ta zarce da aiki bayan miƙa mulki.

A Oktoban 1992, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a yankin, Chris Patten, ya gabatar da gyara wanda bai taɓa adadin kujerun ba, amma ya sauya masu cike su. Ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, ya buɗe sababbin mazaɓun sana'o'i tara ga kusan duk mai aikin yi, kimanin mutum miliyan 2.7, sannan ya sa kwamitin zaɓen ya ƙunshi zaɓaɓɓun kansilolin gundumomi. Hukumomin Beijing sun ɗauki wannan a matsayin shigo da zaɓen kai tsaye ta bayan gida, suka ce ya saɓa wa yarjejeniyar 1984 da Babbar Doka da kuma wasiƙun da ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Douglas Hurd da Qian Qichen, suka yi musaya a 1990, yayin da Birtaniya ta dage cewa babu wani sashe da ya hana.

An yi zaman tattaunawa har sau 17 a Beijing tsakanin Afrilu da Nuwambar 1993 ba tare da an daidaita ba. Majalisar Hong Kong ta amince da gyaran a Yunin 1994, aka yi zaɓe a Satumbar 1995, inda jam'iyyar Martin Lee mai rajin dimokuraɗiyya ta fi kowace samun kujeru. Sin kuwa, wadda tun 1994 ta sanar cewa wa'adin majalisar zai ƙare tare da mulkin Birtaniya, ta kafa majalisar wucin gadi da wani kwamiti mai mutum 400 ya zaɓa, wadda ta riƙa zama a Shenzhen har ta karɓi aiki ranar miƙa mulki.

Birtaniya ta makara, domin sai a 1991 ta fara barin jama'a su zaɓi wasu 'yan majalisa kai tsaye, bayan kusan shekara 150 tana mulki. Gyaran da mai barin gado ya yi ba da yardar magajinsa ba, bai kai shekara biyu yana aiki ba.